Fari ne kai? Shingen 'yan ɗaukar doka a hannu da zullumin iyalan ruwa biyu a Birtaniya

Ranar Lahadi 4 ga Agusta 2024, wasu samari suka tare wata mararraba a tsakiyar garin Middlesbrough da ke arewa maso gabashin Ingila. Ba kaki a jikinsu, ba kuma wanda ya ɗora su. Mota na isowa sai a tsayar da ita, a leƙa ta taga, a tambayi direba ko shi fari ne, ko ɗan asalin Ingila ne. In fuskarsa ta gamsar da su sai a ɗaga masa hannu ya wuce. Wani ya ɗauki abin da wayarsa, kafin gari ya waye bidiyon ya karaɗe duniya.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ko Kaduna a ranar da gari ya rikice ya san irin wannan shinge, ya kuma san motar da ta fi kowace shiga uku: wadda miji da mata da 'ya'yan da ke cikinta ba amsa ɗaya za su bayar ba.

An kira fitar ta ranar da sunan adawa da baƙin haure, amma a bakin shingen ba a nemi fasfo ko takardar zama a hannun kowa ba. Fata ake dubawa. Baturiyar da aka haifa a garin, ta ɗauko ɗanta wankan tarwaɗa a kujerar baya, me za ta ce? A wannan rana ce wani ɗan Najeriya mai aikin kula da tsofaffi ya taso daga aikin awa 12, ya tarar an ƙone masa mota ƙurmus, motar da ya daɗe yana tara kuɗinta. Mutanen gari ne daga baya suka haɗa masa dubban fam. Shi kuwa saurayin da ya fi zaƙewa a wurin shingen, kotu ta ɗaure shi shekara uku da 'yan watanni.

Mafarin wutar yana wani gari dabam. Ranar Litinin 29 ga Yuli, a Southport da ke arewacin Liverpool, wani yaro ɗan shekara 17 ya kutsa ɗakin da ƙananan yara mata ke koyon rawa a lokacin hutu, da wuƙa a hannunsa. Ya kashe uku, 'yan shekara 6 da 7 da 9, ya raunata wasu yara takwas da manya biyu. Dokar ƙasar ta hana bayyana sunan wanda bai cika shekara 18 ba, sai 'yan intanet suka cike giɓin da ƙarya. Cikin 'yan awoyi aka ƙirƙiro masa sunan Larabawa, aka ce Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwale-kwale. Miliyoyin mutane suka gani a X da Facebook da TikTok da Telegram. 'Yan sanda sun faɗa tun ranar cewa a Cardiff aka haife shi, ba wanda ya saurara. Da alƙali ya ba da izinin bayyana sunansa ranar 1 ga Agusta, sai ga shi Axel Rudakubana ne, haifaffen Birtaniya, ɗan wasu Kiristoci 'yan asalin Ruwanda. A Janairun 2025 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ba zai nemi sassauci ba sai ya yi shekara 52. An kuma gano cewa sau uku ana kai rahotonsa ga shirin gwamnati na daƙile tsattsauran ra'ayi, ana sallamar maganar, abin da ya ƙara wa masu cewa hukuma na ɓoye wani abu ƙarfin gwiwa.

Amma gaskiyar ta makara. Tun daren 30 ga Yuli, bayan an tashi daga taron alhini, gungun mutane suka auka wa masallacin Southport da bulo da kwalabe, shugaban masallacin da wasu 'yan tsiraru na maƙale a ciki. 'Yan sanda sama da 50 suka ji rauni. Mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran da aka kashe ta roƙi a daina, aka yi kunnen uwar shegu da ita. Ɗaya daga cikin yaran ukun ma 'yar baƙi ce, iyayenta daga Fotugal suka zo.

Daga nan sai abin ya bi garuruwa. A Sunderland an ƙone ofishin da ke ba talakawa shawara kyauta, an jefi motocin hayar da suka ɗauko ma'aikatan jinya 'yan Filifin zuwa asibiti. A Liverpool an cinna wa ɗakin karatu na unguwa wuta. A Hull an zagaye mota da 'yan Romaniya uku a ciki, ana duka ana ihu. A Belfast an ƙone shagunan Musulmi. Mafi muni shi ne na Manvers, kusa da Rotherham, inda ɗaruruwan mutane suka kewaye otal ɗin Holiday Inn Express da aka ajiye masu neman mafaka sama da 200, suka farfasa tagogi, suka tura kwandon shara mai cin wuta bakin ƙofa, alhali mutane na ciki. Daga 30 ga Yuli zuwa 7 ga Agusta, garuruwa 27 ne suka ga zanga-zanga ko tarzoma.

Ranar 5 ga Agusta ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta fitar da gargaɗi ga 'yan ƙasar da ke Birtaniya ko masu shirin zuwa. Abin da ɗan ban dariya, don a makon Kano da Kaduna na ƙarƙashin dokar hana fita saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, kuma an saba Landan ce ke gargaɗin mutanenta a kan Najeriya. Malesiya da Indonesiya da Indiya da Ostireliya ma sun yi irin wannan gargaɗi.

Inda fushin ya samo asali

Rashin adalci ne a ce duk mai ƙorafi a kan shige da fice a Birtaniya ɗan wariya ne. An yi wa masu zaɓe alkawari a 2016 cewa ficewa daga Tarayyar Turai za ta rage kwararar baƙi. Sai aka ga akasin haka: a 2023, in aka cire waɗanda suka fita daga waɗanda suka shigo, rarar ta haura mutum dubu 900 a shekara guda. Akasarinsu kuwa gwamnati ce ta ba su biza da hannunta, don jami'o'i na buƙatar kuɗin ɗalibai, asibitoci da gidajen tsofaffi na buƙatar ma'aikata. 'Yan Najeriya na sahun gaba a waɗannan bizoji biyu, tare da 'yan Indiya. Jami'ar Teesside da ke cikin Middlesbrough ɗin kanta cike take da ɗaliban Najeriya, har wasunsu suka shiga labarai a Mayun 2024 lokacin da faɗuwar naira ta hana su biyan kuɗin makaranta.

Masu shigowa ta kwale-kwalen roba daga gaɓar Faransa ba su kai ko kusa da wannan yawa ba: kimanin dubu 45 a 2022, dubu 29 a 2023, dubu 37 a 2024. Sai dai su ake gani a talabijin kullum. Da yake doka ta hana su aiki kafin a yanke hukunci a kan takardunsu, hukuncin kuma na ɗaukar watanni ko shekaru, sai gwamnati ta zuba su a otal-otal. A ƙarshen Satumban 2023 mutum kusan dubu 56 ne a otal wajen 400, ana kashe kimanin fam miliyan 8 a kullum. Otal masu arha kuwa a garuruwan da masana'antu suka mutu suke. Mutumin da ya shekara yana jiran gidan gwamnati, ko ganin likita, shi ne ya buɗe taga ya ga an cika otal ɗin unguwarsa da samarin da ba su da abin yi sai zaman bakin titi. Middlesbrough da Hartlepool da Blackpool da Hull duk suna cikin yankunan da suka fi talauci a Ingila.

Akwai kuma tsohon miki. A 2014 binciken Farfesa Alexis Jay ya gano cewa an lalata yara aƙalla 1,400 a Rotherham tsakanin 1997 da 2013, akasarin masu laifin 'yan asalin Pakistan ne, hukumomi kuma sun kau da kai, wani ɓangare don tsoron kada a ce musu masu wariya. Wannan abin kunya ne na gaske, kuma shi ne jarin da masu tunzura jama'a irin su Tommy Robinson ke ci har yau. Duk lokacin da suka ce hukuma na rufa wa baƙi asiri, akwai wanda zai tuna Rotherham ya gaskata.

To amma me ya haɗa wannan da direban tasi da aka haifa a Bradford, ko ma'aikaciyar jinya da asibiti ya ɗauko daga Manila? Mai jifa ba ya tantancewa. Ga kuma wani abin lura: zuwa tsakiyar 2025 rarar masu shigowa ta faɗo zuwa kusan dubu 200, amma zafin maganar ƙaruwa ya yi.

Iyakar da ta ratsa tsakar gida

Ƙidayar 2021 ta nuna mutum miliyan 1.7 a Ingila da Wales sun bayyana kansu a matsayin ruwa biyu, wato kashi 2.9 cikin ɗari, daga miliyan 1.2 a 2011. Gida ɗaya cikin goma, kimanin gidaje miliyan biyu da rabi, na ɗauke da mutanen da ba jinsinsu ɗaya ba. Masu kallon ƙwallo ba sa buƙatar alƙaluma. Kwana 15 kafin harin Southport, Ingila ta buga wasan ƙarshe na kofin Turai da Sifaniya a Balin. Jude Bellingham, mai uba fari da uwa baƙa, shi ya miƙa wa Cole Palmer ƙwallon da ya farke, shi ma Palmer kakansa daga tsibirin St Kitts ya zo. Ga Bukayo Saka ɗan Yarbawa, ga Kobbie Mainoo ɗan mutanen Gana. Tutar da aka yafa ana yi musu tafi a watan Yuli, ita aka yafa a watan Agusta ana fasa shaguna.

Tsoron waɗannan iyalai ya sha bamban da na sabon baƙo. Baƙo na da inda zai koma, ko da a zuciyarsa ne. Yaron da kakarsa ta wajen uwa 'yar Sunderland ce tun kaka da kakanni, in aka ce masa ya koma ƙasarsu, ina aka nufa? Uwa fara da ta girma ba ta taɓa tunanin wace hanya za ta bi zuwa kasuwa ba, yanzu ita ce ke duba waya kafin ta bar ɗanta ya fita. Wani lokacin ma wanda ke yaɗa saƙon ƙiyayyar a Facebook ƙanin mahaifinta ne ko maƙwabcin da suka taso tare, in ta yi magana ya ce ai ba da ɗanta yake ba.

A Agustan 2025 aka ga yadda abin ke kasancewa. A wani ƙaramin gari na bakin teku, ba nisa da Middlesbrough, wani baƙar fata ya kai jikokin matarsa farare wurin wasan yara. Iyalin suka ɗora ɗan gajeren bidiyo a TikTok, irin wanda kowane gida ke ɗorawa. Tommy Robinson ya ɗauko shi ya watsa wa mabiyansa sama da miliyan a X, yana tambayar ina iyayen yaran suke. Nan take aka laƙaba wa mutumin lalata da yara, aka bi shi da zagi da barazana har a titi, wurin aikinsa suka dakatar da shi suna bincike. Laifinsa kawai an gan shi da yaran da launinsu ba nasa ba ne.

Ga masu aƙidar tsarkin jinsi, irin wannan gida ya fi baƙon kwale-kwale tsaya musu a rai, don a ganinsu farin da ke cikinsa maci amana ne. Ko gidan sarauta bai tsira ba. A Janairun 2024 wata kotu a Landan ta ɗaure wasu mutum biyu masu shirin murya a intanet, ɗaya shekara takwas ɗaya bakwai, bayan sun yi kiran a hukunta Yarima Harry saboda auren Meghan, suka kuma aibata ɗansu Archie da kalaman da ba sa maimaituwa.

Ba yau aka fara ba

Wanda ya bi tarihin tarzomar launin fata a Birtaniya zai ga kusan kullum maganar mace ce ke kunna ta. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji suka dawo gida ba aiki, suka tarar da baƙaƙe da Larabawa ma'aikatan jiragen ruwa a garuruwan tasha, wasu sun auri 'yan matan unguwa. Da yawa daga cikin na Liverpool mutanen Afirka ta Yamma ne da ke aiki a jiragen kamfanin Elder Dempster masu zirga-zirga zuwa Firitawun da Akara da Legas. Rikici ya ɓarke a Glasgow da South Shields da Landan, ya yi ƙamari a watan Yuni. Ranar 5 ga wata gungun mutane suka kori wani matashi ɗan Bermuda, Charles Wotten, har tashar jiragen ruwa ta Queen's Dock, ya faɗa ruwa ana jifarsa har ya nutse. Ba a hukunta kowa ba. Dubban mutane suka riƙa bin gidajen baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, har 'yan sanda suka kwashe kimanin 700 suka ajiye a ofishinsu don kare rayukansu. A Cardiff kuwa, ganin wasu baƙaƙe sun dawo daga yawon shan iska tare da fararen mata ne ya tayar da rikicin da ya ci rai uku.

Maganin da gwamnati ta kawo shi ne mayar da baƙaƙen ƙasashensu da jirgi. Masu mata farare suka gamu da wani cikas: jami'an mulkin mallaka ba sa son a ga Baturiya na zaman aure da ɗan Afirka a Legas ko Akara, don kada kwarjinin Bature ya zube. Haka aka raba wasu gidaje, wasu kuma suka ƙi tafiya suka zauna cikin talauci. A 1925 aka kafa dokar da ta tilasta wa ma'aikatan jirgi baƙaƙe yin rajista a matsayin baƙi, har da waɗanda talakawan Sarkin Ingila ne.

'Ya'yan da aka haifa a waɗannan gidaje su aka mayar abin nazari. A 1930 wata mai bincike, Muriel Fletcher, ta fitar da rahoto a kan yaran ruwa biyu na Liverpool, ta zana su a matsayin matsala, iyayensu mata kuma marasa kamun kai. Baƙaƙen Liverpool na ambaton rahoton da ɗaci har gobe. Bayan Yaƙi na Biyu an sake samun wasu yaran kimanin 2,000 da sojojin Amurka baƙaƙe suka haifa da matan Birtaniya, aka tura da yawa gidajen marayu. Cikin waɗanda suka rungumi irin waɗannan yara akwai wani fasto ɗan Kalaba, Daniels Ekarte, a gidan mishan ɗinsa na Liverpool, har zuwa 1949 da hukuma ta zo ta kwashe su.

A 1958 ma haka. Rikicin Nottingham ya tashi ne a wata mashaya, a kan baƙi da farar mace. Mako guda bayan nan, a Notting Hill da ke Landan, wata 'yar Suwidin na cacar baki da mijinta ɗan Jamaika a bakin tashar jirgin ƙasa, sai wasu fararen samari suka shiga wai za su kare ta. Ta ce ba ta neme su ba. Washegari suka gan ta ita kaɗai, suka jefe ta, suka buge ta da ƙarfe, daga nan aka kwana da kwanaki ana farautar baƙaƙe a unguwar. Alƙali ya ɗaure samari tara shekara huɗu-huɗu, abin ya lafa. Shekara huɗu bayan nan, a 1962, majalisa ta kafa dokar farko da ta taƙaita shigowar 'yan ƙasashen renon Ingila. A 2005 kuma, a Huyton kusa da Liverpool, an kashe Anthony Walker ɗan shekara 18 da gatari, bayan an gan shi a tashar bas tare da budurwarsa fara.

Salon bai sauya ba: a fito da sunan kare mata da yara, a daki wanda aka samu, kotu ta ɗaure 'yan jifa, sannan majalisa ta ba su wani ɓangare na abin da suka nema.

Kotunan 2024 sun yi sauri. Firaminista Keir Starmer, wanda wata guda kenan da hawansa, shi ne babban mai gabatar da ƙara na ƙasa a lokacin wata tarzomar da aka yi a Ingila a 2011, ya san yadda ake yi. Cikin kwanaki aka fara yanke hukunci, wasu daga cikin masu cinna wuta a otal ɗin Rotherham suka sami shekara tara. Cikin shekara guda an kama mutum sama da 1,800. Ranar Laraba 7 ga Agusta, da aka yaɗa jerin adireshin lauyoyin baƙi a Telegram ana cewa a far musu, dubban mutane ne suka fito a Walthamstow da Bristol da Brighton da Newcastle suka tsaya a gaban ofisoshin, 'yan tarzomar kuwa 'yan tsiraru ne kawai suka leƙo. A Southport maƙwabta ne suka sake gina katangar masallaci. A Liverpool, limamin masallacin Abdullah Quilliam, Adam Kelwick, ya tsallaka titi da abinci ya kai wa waɗanda suka zo yi wa masallacin zanga-zanga. Shi Quilliam da masallacin ke ɗauke da sunansa lauya ne Bature da ya musulunta, kuma shi ya wakilci Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya a bikin buɗe masallacin Shitta-Bey na Legas a 1894.

Jaridar Guardian ta binciko wani abu daga bayanan 'yan sanda: cikin kowane mutum biyar da aka kama a tarzomar, biyu an taɓa kai ƙararsu a kan cin zarafin iyali a gida. Waɗannan su ne masu kare mata.

Lafawar ba ta daɗe ba. Ranar 9 ga Yuni 2025, a Ballymena da ke Ireland ta Arewa, aka gurfanar da yara biyu 'yan shekara 14 bisa zargin yunƙurin fyaɗe, aka ji tafinta na fassara musu da harshen Romaniya. A daren aka fara bin gidajen 'yan ƙabilar Roma da wuta, aka shafe kwanaki ana yi, 'yan sanda sama da 100 suka ji rauni. A garin Larne an ƙone cibiyar wasannin da aka fake da iyalan da aka kora. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne takardun da mutane suka riƙa mannawa a ƙofofinsu: wannan gidan 'yan gari ne, wannan na 'yan Filifin ne, ga tutar Birtaniya a taga. Kowa na roƙon a tsallake shi a wuce gaba. Gidan da uba ɗan gari ne uwa baƙuwa, sai su zaɓi wanda za su rubuta.

A Yuli aka koma Epping, kusa da Landan, inda wani ɗan Habasha mazaunin otal ɗin Bell ya ci zarafin yarinya 'yar shekara 14 kwanaki kaɗan da shigowarsa ƙasar. Wannan karon zargin gaskiya ne, kotu ta same shi da laifi, daga baya aka mayar da shi ƙasarsa. Zanga-zanga ta bazu zuwa ƙofar otal-otal a faɗin ƙasar, aka bi turakun fitilun titi ana rataya tutoci. A Bournemouth wasu 'yan sa-kai sama da 200 suka yi rajistar sintirin dare da riguna iri ɗaya, suna cewa ba ruwansu da siyasa ko launi, 'yan sanda dai ba su sa musu albarka ba. A gabashin Belfast ba a ma ɓoye ba: gungun maza na tare baƙaƙe da 'yan Asiya da dare, suna neman su nuna takardu, suna ɗora bidiyon a TikTok. Rundunar 'yan sandan yankin ta ce wannan wariya ce tsagwaronta. Ranar 13 ga Satumba mutum sama da dubu 100 suka amsa kiran Robinson a tsakiyar Landan, Elon Musk ya yi musu jawabi ta bidiyo.

Maganar 'yan siyasa ma ta gusa daga takarda zuwa fata. A farkon 2025 an yi ta muhawara a kan ko Rishi Sunak, tsohon firaminista haifaffen Southampton, ɗan Ingila ne na gaske. Ɗan majalisa Robert Jenrick ya yi ƙorafin ya zaga wata unguwa a Birmingham bai ga farar fuska ba. 'Yar majalisa Sarah Pochin ta jam'iyyar Reform ta ce tallace-tallacen talabijin cike da baƙaƙe da 'yan Asiya na ɓata mata rai, daga baya ta nemi afuwa. Mai kallon talabijin ɗin Birtaniya ya san irin gidan da ake yawan nunawa a tallan kujeru da na abincin safe: uba baƙi, uwa fara, yara a tsakani. Jam'iyyar Conservative da Jenrick ya yi wannan magana a cikinta kuwa, Kemi Badenoch ce ke shugabantarta, wadda ta girma a Legas, mijinta Bature ne, 'ya'yansu uku. Tana cikin masu tsaurin ra'ayi a kan shige da fice, ko da yake da motarta ta biyo ta mararrabar Middlesbrough a waccan Lahadin, ba ra'ayinta za a tambaya ba.

Doka na tafiya a nata layin. Tun Afrilun 2024, ɗan Birtaniyar da ya auri baƙo ba zai kawo shi ƙasar ba sai yana samun fam dubu 29 a shekara, daga dubu 18 da 600 a da. A garuruwa irin su Hartlepool da Blackpool ma'aikata da yawa ba sa samun haka, don haka akwai yaran da ke ganin ubansu ta waya kawai. An hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar masu wannan aiki daga waje gaba ɗaya. A Nuwamba sakatariyar cikin gida Shabana Mahmood, 'yar Birmingham da iyayenta suka fito daga yankin Kashmir na Pakistan, ta gabatar da shirin da zai sa ɗan gudun hijira ya jira har shekara 20 kafin ya sami zaman dindindin. Da wani ɗan majalisa ya zarge ta da rura wuta, sai ta maimaita masa a zauren majalisa irin zagin da ake yi mata, da yadda ake ce mata ta koma gida. Hujjarta ita ce in ba a tsaurara ba, fushin zai cinye har irinta.

A ƙarshen watan Nuwamban ne masu gabatar da ƙara a Ireland ta Arewa suka janye tuhumar da ake yi wa yaran Ballymena biyu, suka ce sababbin hujjoji sun sauya lamarin. An sake su bayan wata biyar a tsare. Iyalan Roma da yawa da aka kora a watan Yuni sun riga sun bar garin, wasu sun koma Romaniya.